Kan Siminti Mai Ƙofa a Ƙeya

Ku ajiye mazubin robar nan tukuna, ku samu wuri ku zauna. Tun safe nake kallonku, ku kwaɓa, ku zuba, ku buɗe, ku jera tukwanen fulawa a tsakiyar rana, sannan ɗayanku ya dube ni ya ce, "Baba Audu, ashe aikin naku ba wuya." Kai ne, Sani, kada ka wani sunkuyar da kai. Tukunyar da ka fitar ɗazu in ta ga damina biyu, ka zo ka aske mini gemu. Ko yashin da ka kwaɓa da shi ba ka san daga ina aka ɗebo shi ba.

Aikin farko da na sa hannu a ciki zakin siminti ne, a Nguru, bayan samun 'yancin kai da kaɗan. Lokacin jirgin ƙasa a Nguru yake tsayawa ya juya. Ya kwashi gyaɗa da fatu da ƙaro ya tafi, ya dawo da kwanon rufi da siminti. Mutanen Sabon Gari suna son zaki a kan ginshiƙin ƙofa, alhazai kuma, jikokin Kanawa da Haɗejawa, suna son wata da tauraro a goshin soro, wani ma jirgin sama. Mai yi musu duka mutum ɗaya ne, Baba Ayinde, wani Bayarabe gajere mai faɗan tsiya. Ni kuwa daga Karasuwa na zo, ɗan mai ginin rumbu, ina ganin tunda na iya laka ai siminti ƙaninta ne.

Ranar da na fara, bai ba ni cokalin gini ba. Tulin yashi biyu ya nuna mini, ya ce da irin Hausarsa, "Sa a baki." Na ɗauka wasa yake yi. Na lasa na farko, ba komai sai ƙasa. Na lasa na biyu, sai na ji ɗan ɗaci-ɗaci a bayan harshe. Ya ce, "Kanwa ke nan. Ƙasarku duk kanwa. Ka yi zaki da wannan, baɗi zaki ya yi furfura, ya zube." Daga ranar har yau ban taɓa kwaɓa yashin da ban ɗanɗana ba, haka ma ruwa.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne shayarwa. In mun gama zaki, sai mu naɗe shi da tsofaffin buhunan gyaɗa, ni kuma aikina in riƙa jiƙa su kada su bushe, har makonni. Mai gida ya zo yana ƙorafi yana son ganin zakinsa, Baba Ayinde ya kore shi. Ni kuma in na ɗan zauna sai in ji, "Audu! Ba shi ruwa!" Har barci nake yi ina jin wannan muryar. Kayan aikinmu ba su da yawa: cokalin gini babba da ƙarami, katakon shafe, kwanon sarki, rariya, filaya, rodi da wayar kaji. Sai wani cokalin shayi da ya daddaƙe bakinsa, da shi yake fitar da ido da haƙori. Da tsufa ya kama shi zai koma garinsu, wannan cokalin ya ba ni. Ga shi nan a aljihuna, kuma kada wanda ya ce in ba shi ya gani.

Aikin da ya sa aka san ni a Gashuwa kuwa, wani malamin makaranta ne ya kawo shi, bayan an gama yaƙin basasa. Sunansa Malam Bitrus, mutumin kudancin Zariya, yana koyar da tarihi. Ya same ni ina shafen wani shago, ya buɗe wata mujalla ya nuna mini hoto. Kai ne na mutum, kai kawai, ba wuya ba kafaɗa, a zaune a ƙasa, ga wani Bature a tsaye kusa da shi bai kai tsawonsa ba. Hanci a baje, leɓe masu kauri, ido a buɗe, da wata hula kamar an kifa masa akushi.

Na ce, "Malam, wannan ai na san shi. Yana sayar da kifi a kasuwa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wasu mutanen dā ne a ƙasar Meziko, ana ce musu Olmek, suka sassaƙa irin waɗannan kawuna daga dutse guda, bayan sun jawo dutsen daga nesa ba mota ba jirgi. Ya ce yanzu a manyan biranen duniya ana yin kwafinsu a ajiye a fili don mutane su gani. Shi abin da ke damunsa, ɗalibansa 'yan ƙasar rairayi ne, yawancinsu ba su taɓa ganin dutsen da ya fi tulu girma ba, in ya ba su labari sai su ɗauka tatsuniya ce. Shugaban makaranta ya yarda a yi guda a filin da ke gaban ƙofa, bakin hanyar kasuwa.

"Za ka iya?" in ji shi.

Na ce, "Ina bayansa?"

Ya juya takardar, sai tallar sabulu. Hoto ɗaya ne, na gaba kawai.

To, a nan ne aikin yake, ku buɗe kunne. Dutse dai babu shi a ƙasarmu. In kuma na ce zan zuba siminti cunkus, sai na cinye na gari guda, kuma nauyinsa ya nutse cikin rairayi ya karkace. Na yi ta juya abin a raina, sai na ga ai na san wani abu mai faɗin ciki, mai zagaye, mai tsayi fiye da mutum, wanda ba komai a cikinsa. Rumbun babana. Sai na yi masa yadda ake yi wa rumbu. Na ɗaga gindinsa a kan bulo, na bar iska tana wucewa ta ƙasa don kada damshin kanwa ya hau. Na lanƙwasa rodi na tayar da haƙarƙari, na ɗaure wayar kaji ninki biyu, na fara shafe daga ciki, sannan na waje. Simintin daga Nguru aka kawo shi a bayan babbar mota, yashi kuwa ni da kaina na shiga kogi na zaɓa, na sa aka wanke shi. Ruwan rijiyar makaranta na ɗanɗana na ƙi shi, sai da jakai suka riƙa kawo na kogi.

Mai shafe daga ciki dole ya fito, ko ba haka ba? Don haka na bar ƙofa a ƙeya, daidai yadda mutum zai shiga a sunkuye. Da na gama, hannuna bai yarda in toshe ta ba. A gidanmu ba a gina abu mai ciki a hana shi baki. Na yi mata murfi na siminti, na kuma ja bakin hular nan ya ɗan zarto a kanta, yadda ruwa zai zuba ya wuce. Malam Bitrus ya zagayo ya gani, ransa ya ɓaci.

"Malam Audu, na asalin ba shi da ƙofa!"

Na ce, "Ka ga bayansa?"

Ya ƙara duba ƙofar. Ya ce to a bari, amma kada in gaya wa ɗalibai cewa haka Olmek suka yi.

Fuskar ita ta ci mini lokaci. Na zana layuka a kan hoton, na ja igiya a kan aikin, gida-gida nake bi. Leɓen sama sai da na rushe shi na sake, don na farko ya fito kamar yana murmushi, na hoton kuwa ba ya wasa da kowa. Idanun da cokalin Baba Ayinde na fitar da su. Ramukan tsufa da ke kumatun dutsen, da totuwar masara da kan ƙusa na yi su tun simintin yana ɗanye. Sannan na naɗe shi da buhuna na yi ta ba shi ruwa, har shugaban makaranta ya fara tambaya ko lafiya. Ranar da na yaye buhunan, jakin wani mai itace ya tsaya cak a hanya ya ƙi wucewa. Wallahi na ji daɗi, don na san aiki ya yi.

Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga ƙauyuka. Masu zuwa cin kasuwa suna cewa, "Mu haɗu a Kai." Ni kuma na tashi daga Audu Mai Zaki na koma Audu Mai Kai. Akwai masu tsaki in sun wuce, ban ce babu ba, amma ba wanda ya ce mini komai a fuska.

Sai fari ya zo. Ku ba ku san shi ba, Allah kada ya nuna muku. Damina ta yi ƙwauro, ta bayanta ta fi ta. Kogi ya tsaya a 'yan gurabe, fadamun Dagona da ake noman shinkafa suka tsattsage. Ana koro shanu daga wajen Kumagannam, fata da ƙashi, wasu a hanya suke kwanciya. Aikin gini ya mutu murus, wa zai yi soro da yunwa? Sai gyaran bakin rijiya nake samu jefi-jefi. Abin da ya fi tsoratar da manya shi ne mutane sun fara cin iri. Wanda ya cinye irinsa kuwa, ko ruwa ya sauka ba abin da zai sa a rami.

A cikin wannan hali maganar ta tashi, ban san bakin da ya fara ta ba. Wai tunda aka kafa gunkin nan sama ta ɗauke. Na zama Audu Mai Gunki. Masallacin unguwa da aka ce ni zan gyara wa rufi, aka aiko cewa in dakata. In na yi sallama a majalisa, sai a amsa mini ciki-ciki. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ni ban bauta wa kowa ba sai Allah, aiki aka ba ni na yi.

Wata safiya aka fita roƙon ruwa bayan gari. Ana dawowa, jama'a ba su watse ba, suka nufi ƙofar makaranta, aka aiko in zo da babbar gudumata. Na tarar da fili cike. Malam Bitrus yana tsaye a gaban Kan da farar rigarsa, yana ta bayanin tarihi, ba mai sauraronsa. A gaba akwai Bulama Garba, mai unguwarmu, tsohon manomi ɗan ƙabilar Bade, da Goni Modu limaminmu.

Bulama ya ce, "Audu, kai ka gina shi, kai ka san inda zai fi saurin faɗuwa. Bismilla."

Na riƙe gudumar nan. Ban yi musu gardama ba, wa zai yi gardama da mutanen da 'ya'yansu ke kuka? Amma na ce a raina ko rushewa ce a yi ta bisa ƙa'ida, a tsira da rodin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta fuska ake farawa ba, guduma za ta dawo wa mutum. Sai ta ciki. Ku zagayo."

Na ɗaga murfin ƙeya. Wata iska mai sanyi ta fito, a tsakiyar zafin bazara. Yawancinsu ba su taɓa sanin akwai ƙofa ba, don ba mai zagayawa bayansa. Bulama ya leƙa. Ya sa kai, ya sa kafaɗa, sai ga shi ya shige gaba ɗaya. Muna jin yana ƙwanƙwasa bango, yana buga ƙasa da dunduniya. Ya daɗe. Da ya fito, sai ya duba tafin hannunsa, ya dube ni.

"Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan Mamman mai rumbu, na Karasuwa."

"Shi ya sa," in ji shi. Ya juya ga jama'a. "Jama'a, wannan ai rumbu ne. Ba tururuwa, ba gara, ba ramin ɓera, ba damshi."

Wani daga baya ya ce, "Rumbu da ido da hanci?"

Bulama bai kula shi ba. Ya ce shi abin da ke hana shi barci iri ne. Wanda ya ajiye a ɗaki, yara na kuka uwarsu za ta daka, kuma ba mai ganin laifinta. Wanda ya bari a rumbun laka, ɓarayi na huda shi ta ƙasa. Ya nuna fuskar Kan da sandarsa ya ce, "Amma ku gaya mini ɓarawon da zai zo ya durƙusa a bayan wannan." Wasu suka yi dariya, dariyar farko da na ji a garin cikin watanni. Sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, maganar taka ce."

Goni Modu mutum ne mai sanyin magana. Ya zagaya Kan a hankali, ya leƙa ƙofar, ya dawo.

"Audu, yana da gangar jiki a binne?"

"Babu, Allah gafarta Malam. Iyakarsa ke nan."

"Malam Bitrus, akwai wanda ya taɓa yanka masa wani abu, ko ya durƙusa masa?"

"Allah ya kiyaye, Malam. Ni ma addinina ya hana."

Goni ya ce shi dai ba ya son abin, kuma ba zai fara so yau ba. Amma a karatun da ya yi, surar da ta rasa abin da rai ba ya zama sai da shi, hukuncinta bai kai na cikakkiya ba, wannan kuwa kai ne ba jiki, ga rami a ƙeya. Ya ɗaga murya kaɗan ya ce ruwa a hannun Allah yake, duk wanda ya ce siminti na iya tsare shi, shi ne ya kamata ya tuba. A rufe fuskar da zana don hankalin mutane ya kwanta, a zuba iri.

Har na fara sauke numfashi, sai Bulama ya matso kusa da ni. "Audu, irin unguwa guda ne. Ba za a buɗe ba sai ruwan shuka ya sauka, kuma a kansa zai sauka. In ya shiga fa?"

Na ce, "Ba zai shiga ba."

Ya ce, "In ya shiga, mu ba mu da abin shukawa, kai kuma ba ka da wurin zama a garin nan. Ka ji?"

Na ce na ji.

Aka yi ta kawowa, kowane gida da ɗan ƙunshinsa, wani a jaka, wani a tsumma, wani a ƙwarya an ɗaure bakinta. Gero ne yawanci, sai dawa da wake kaɗan. Wata tsohuwa da ake kira Ya Fanna, ita ta fara kawo nata, ɗan abin da bai cika zani ba, ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, shi ke nan abin da ya rage mini." Ni na shiga na jera su da hannuna, nata a can ƙasa. Na mayar da murfi na liƙe bakinsa da laka yadda babana yake yi. Zanar da aka kafa a fuskar kuwa ba ta yi mako ba awaki suka cinye ta, don su ma yunwar suke ji. Ba wanda ya sake kafa wata.

Ruwan da ya zo bai zo da wasa ba. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya sauke kamar da bakin ƙwarya. Yara suna tsalle a ciki, mata suna guɗa, kowa ya fito da tukunya. Ni kaɗai ne a garin nan ban yi murna ba. Ina tsaye a barandar makaranta, ina kallon ruwa yana dukan hular Kan, yana gangarowa ta kumatu, filin ya cika har ya kusa taɓa saman bulon gindi. Ina ta tuna kowane kwanon sarki da na kwaɓa, ina tambayar kaina ko akwai inda na yi gaggawa.

Da safe unguwa duka ta hallara, kowa da sungumi a kafaɗa. Na fasa lakar, na ɗaga murfi. Na miƙo jakar da ke sama, Bulama ya girgiza kai.

"Na ƙasa nake so. Wanda ya kwana a kan daɓe."

Na shiga na yi ta miƙo kaya, har na kai ga ƙunshin Ya Fanna. Bulama ya kwance shi a gaban kowa. Ya tura hannu ciki, ya damƙo, ya shinshina. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙorinsa na gefe. Filin nan ya yi tsit, ko tari babu.

Ƙas!

Har na baya sun ji. Ya Fanna ta rangaɗa guɗa, wuri ya kaure, kowa na neman ƙunshinsa. Malam Bitrus ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, yana cewa daga yau zai gaya wa ɗalibai na Gashuwa ya fi na asalin da ƙofa ɗaya. Ni dai na zauna a kan bulon gindi cikin taɓo.

Ina nan zaune sai na ga inuwa a kaina. Goni Modu ne, da ɗan ƙunshin geronsa a hammata. Bai kalli Kan ba, ni ya kalla.

"Malam Audu," ya ce, "jiya masallaci ya yi yoyo har kan liman. In an gama shuka, ka zo da kayan aikinka."

Geron da aka ci a unguwarmu a kakar nan daga ƙeyar Kan ya fito, kuma kakanka, Sani, yana cikin waɗanda suka zo da sungumi. Yanzu tashi ka kwashe tukwanen nan daga rana, ka lulluɓe su da buhu ka ba su ruwa. In ka gama, ka ɗebo yashin can ka sa a harshenka, ka zo ka gaya mini abin da ka ji.